Ƙauna mai ido

A unguwar Gudu ne Cocin Anglika ta Najeriya take da hedikwata, gidan da aka sa wa sunan Matiyas. Sunan yakan tsayar da ni. Matiyas shi ne wanda aka zaɓa ya maye gurbin Yahuza Iskariyoti, kuma ba da ka aka yi zaɓen ba. Sai da manzanni suka kafa sharaɗi, a samo wanda ya bi Yesu tun daga baftismar Yahaya. Suka tsayar da mutum biyu, suka yi addu'a, sannan suka jefa ƙuri'a. Mutanen da cin amana ya ƙona su ke nan, amma ba su rufe ƙofa ba, ba su kuma buɗe ta ga kowa ba.

Abin da Bulus ya roƙa wa Filibiyawa daga kurkuku ke nan, ƙaunarsu ta yi ta ƙaruwa tare da sani da fahimta. Mu kuwa mun fi son raba su. Mai taushin zuciya ya bayar har ya lalata ɗan'uwansa da kyauta, mai wayo ya tsaya bincike har mabukaci ya gaji ya tafi. Na biyun ya fi ba ni tsoro, don shi yake kama da hikima.

A kasuwar Gudu, bakanike yakan ɗauki kayan mota ya juya a hannu, ya gane jabu. Shekarun taɓawa ne suka koya masa. Haka mai ziyartar marasa lafiya da gidajen makoki yake sanin inda kuɗi zai yi amfani, inda tsawatawa ta dace, da gidan da zama kawai ake bukata.