Yini Guda a Bakin Tafki Tsakanin Tambuwal da Kebbe

Wanda ya tashi daga Sakkwato ya bi titin Jega, ya wuce Bodinga da Shagari, in ya ci wajen mil 60 sai ga shi a Tambuwal, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna. Matafiyi ya kan ce ba abin kallo a ƙasarmu sai jigawa da gonakin gero. Ni ma haka na ke zato, ko da ya ke na daɗe ina koyarwa a nan, sai da muka fita da iyali a hutun Kirsimeti da ya wuce.

Mu biyar ne: ni, da uwargida, da 'ya'yanmu uku. Muka hau mota a hanyar Kebbe, muka sauka a wani ƙauye kusa da fadama. Kafin mu ɗaga ƙafa sai da muka gai da mai unguwa, muka tambayi lafiyar hanya, gama a shekarun nan 'yan bindiga sun addabi dazuzzukan wannan yanki. Ya ce mu bi bakin ruwa inda manoma su ke, kada mu shiga daji, mu kuma komo tun rana ba ta yi sanyi ba. Wannan shawara ita ce ta fari da zan ba kowane maigida.

Tafkin nan ɗan Gulbin Zamfara ne. Gulbin ya kan biyo ta Anka da Gummi, ya wuce kusa da Kebbe, a wajen Jega kuma a kan ce da shi Gulbin Gindi, sa'an nan ya faɗa Gulbin Kebbi. Da damina ya kan yi ambaliya ya cika kwaruruwa. In ya janye sai ya bar ruwa a baya, manoma su bi laima da shukar albasa da tumatir da barkono. Hanyar da muka bi ta masu ban ruwa ce, shimfiɗaɗɗiya, har autarmu mai shekara 5 ta taka da ƙafarta.

Daga dama ruwa ne, bado ya rufe gefensa. Daga hagu kuwa ga wani tudu mai baje kai kamar an yanke shi da wuƙa. Irin waɗannan duwatsu suna da yawa a ƙasar Sakkwato. Marmara ce ta rufe kansu, ita ce ta hana ruwan sama cinye su kamar yadda ya cinye ƙasar da ke kewaye. Na gaya wa yara cewa a zamanin da can teku ya taɓa rufe wani sashe na ƙasar nan, farin dutsen da a ke yin siminti da shi a Kalambaina shi ne shaida. Babban ɗana ya dube ni, ya dubi ƙurar hunturu, bai ce kome ba.

Tsuntsaye kuwa ba a magana. Ga balbela a bayan shanu, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ga kirinjijiya suna tashi garke guda da fito. Waɗansu agwagin ruwa da a ke gani da hunturu baƙi ne daga Turai, su kan ƙetare Sahara su guje wa sanyin ƙasarsu. Muka huta a gindin gawo, itacen da ya kan kaɗe ganye da damina, ya yi kore shar da rani. Uwargida ta kwance ƙunshin ƙosai da dafaffen rogo.

A nan ne muka kusa yin kuskure. Muna cikin ci, sai na waiga na ga babban ɗana ya tuɓe riga, ƙafarsa ɗaya ta riga ta shiga ruwa, ƙanensa yana bin sa. Uwargida ta ce, "Malam, bar su mana, ai ruwan bai kai gwiwa ba." Kafin in amsa, wani dattijo masunci da ke gyaran komarsa ya ɗaga murya: "Kai, yaro, fito! Ruwan ga ba na wanka ba ne." Ya sa hannu cikin ciyawa, ya ɗebo ƙananan katantanwa, ya nuna mana.

Na gane nufinsa nan da nan, gama na sha ganin 'yan ajina suna fitsarin jini. Tsargiya ke nan. Mai ciwon in ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya kan ƙyanƙyashe, ta shiga katantanwa ta hayayyafa, sa'an nan ta fito ta huda fatar wanda ya shiga ruwan. Ido ba ya ganinta. Waɗansu iyaye suna ɗaukar fitsarin jini alamar balaga ne ga ɗa namiji, alhali kuwa ciwo ne mai rage jini, mai lalata mafitsara in ya daɗe. Akwai maganinsa a asibiti, sunansa praziquantel, a kan kuma raba shi a makarantu. Na ce, "Baba, mun gode, Allah ya saka." Ya ce, "Ba kome, Malam. Mu dole ta sa mu ke shiga."

Yaron ya yi fushi har muka kama hawan tudu. Hawan bai fi na minti 20 ba, na goya auta a wuya. Da muka kai bisa muka ga tafkin duka, da koren albasa, da jerin giginya, da shanun Fulani suna gangarowa mashaya. Sai na ji ya taɓa hannuna ya ce, "Baba, ashe daga can nesa har nan duk teku ne da?" Na ce, "Haka masana suka ce."

Ya ku iyaye, in za ku yi irin wannan fita, ku zaɓi watan Disamba ko Janairu, sa'ad da rana ba ta da zafi. Ku tafi da ruwan sha daga gida, ku sa wa yara takalma saboda ƙaya da maciji, kada ku taka kwamin albasar mutane, kada kuma yaro ya taɓa ruwan tafki. Muka iso gida kafin magariba, auta tana barci a kafaɗar uwarta, furen bado da dattijon ya tsinko mata yana hannunta.