Yadda Baba ya fita daga bashi a Ngong

Ngong gari ne na kan hanya. Idan ka baro Garwa ka nufi Ngaundare, kafin motarka ta gama ɗumama sosai ka iso shi, kuma duk wanda ya taɓa ratsawa ranar Litinin ya san abin da nake nufi da kasuwa: shanu ta wannan gefe, buhunan masara da gyaɗa ta wancan, manyan motoci na lodi zuwa kudu. A nan na tashi, cikin 'yan gidajen Hausawa da ke zaune tsakanin Fulani da mutanen da suka gangaro daga arewa mai nisa neman ƙasar noma, Mafa da Tufuri da Giziga. A kasuwa Fulatanci ne ke haɗa mu, a gida mu yi Hausa.

Mahaifina yana da rumfar yadi da atamfa, yana kuma noma kamar kowa. Jarin rumfar ba nasa ba ne. Wani Alhaji ne a Garwa ke ba shi kaya, in ya sayar ya kai kuɗi ya ɗauko wasu. Haka ake ta tafiya har watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake saye da sefa 50 ya koma 100. Mu yara ba mu san abin da ake ciki ba, sai dai muka ga shinkafa ta ƙaurace wa tukunyarmu. Kuɗin da Baba ya tara na kayan da ya riga ya sayar ba su iya maido ko kusa da abin da ya fita daga rumfar ba, ga mutanen ƙauye da suka ɗebi atamfa bashi har zuwa biyan auduga. Sai ya fara abin da kowane mai bashi ya sani: a ranto nan a toshe can.

Wanda bai zauna ƙasar auduga ba zai yi wuya ya gane nauyin abin da ya biyo baya. Tun 1974 kamfanin Sodecoton ne ke riƙe da harkar auduga a arewacin Kamaru, kuma yana da injin gurzar auduga a Ngong ɗin kanta. Manomi ba ya biyan taki da maganin feshi da kuɗi hannu. Ana ba shi da damina ta hannun ƙungiyar manoma, a cire kuɗin idan ya kawo audugarsa awo. Amma bashin na ƙungiya ne. In audugarka ba ta kai ta biya abin da ka ɗauka ba, daga kuɗin 'yan'uwanka za a cike giɓin. Tsari ne da ya ba talaka taki ba tare da jingina ba, kuma ya rataya wuyan kowa a hannun maƙwabcinsa.

A damina ta biyu bayan karyewar kuɗin, Baba ya karɓi takinsa, ya sayar da fiye da rabi a ɓoye don ya rage wa Alhajin Garwa. Ba shi kaɗai ke yin haka ba, kowa ya san ana yi. Auduga kuwa ba ta yafe yunwa. Gonar ta fito a tsumbure, da aka auna ba ta biya bashin takin ba. Aka yanke ragowar daga kuɗin mutanen da suka tsaya masa, cikinsu har da maƙwabcin gonarmu, wani Bamafe Kirista mai 'ya'ya da yawa, wanda ya shekara yana lissafin zai sayi kwanon rufi da kuɗin. A cikin wannan daminar kuma hatsinmu ya ƙare tun kafin marka, Baba ya ranci buhun masara wajen wani ɗan kasuwa bisa sharaɗin zai maido biyu da kaka.

Mutanenmu na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, amma na ga yadda ake fakewa da wannan magana. Abokan Baba na zaure sun ba shi uzuri iri-iri, kuma ba ƙarya suke ba: ba shi ya karya sefa ba, ba shi ya sa farashin taki ba, ba shi ya hana mutanen ƙauye biya ba. Wani kawuna ma cewa ya yi a tattara a koma Yola a fara sabon zama, wa zai bi mu can? Inna ce ta amsa masa daga bayan labule. Ta ce: "Yaya, shi wancan bawan Allah da aka yanke wa kuɗi fa, shi ma Yola zai koma?"

Bayan 'yan kwanaki Baba ya aike ni na sayo masa littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Ya zauna da tawada da alƙalami ya rubuta da ajami sunan duk wanda ke binsa da abin da yake binsa, har mai nama da mai kananzir. Ya kira Inna ya karanta mata duka. A wajen magidanci na wancan zamani wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da yawa sun gwammace a binne su da sirrin bashinsu da matansu su san adadinsa. Ni a ganina ranar ce ya fara fita, tun bai biya ko dala ba, domin ranar ce bashin ya daina zama duhun da ke hana shi barci ya zama adadi mai farko da ƙarshe.

Daga nan ya bi mutanen ɗaya bayan ɗaya, da ƙafarsa, bai aiki kowa ba. Ya fara da maƙwabcin gona. Da ni aka je, ina riƙe da buta. Ya ce masa da Fulatanci kuɗin da aka yanke masa ba kamfani ke da alhakinsu ba, shi ne, kuma zai biya. Mutumin bai ce komai ba, ya sa aka kawo mana ruwa. A Garwa kuwa Baba ya mayar wa Alhaji sauran yadin da ke rumfa, ya roƙi a tsayar da lissafi a kan adadi guda, a bar shi ya riƙa kawo abin da ya samu duk wata. Alhajin ya yi faɗa sosai, amma ya yarda, saboda mai bin bashi ya fi tsoron wanda ya ɓace masa a kan wanda ya zo hannu wofi.

Aka rufe rumfa. Aka sayar da keke da rediyo da babbar rigarsa ta salla. Sallar layya biyu ba a yanka rago a gidanmu ba, kuma na ji zafin hakan kamar yadda yaro kan ji. Da na yi ƙorafi sai ya ba ni labarin gawar da aka kawo wa Manzon Allah (SAW) ya ƙi yi mata salla saboda bashin da ke kanta, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Baba kuwa, mutumin da ke tallar atamfa a inuwa, ya koma dillancin hatsi a tsakiyar rana, yana haɗa manoma da masu motocin kudu, ana ba shi la'ada a kan buhu. Inna ta ɗauki tuyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa, mu muna kai wa tasha. Duk yammacin Litinin sai a buɗe littafin a rage wani abu. Bashin buhu biyu aka fara kashewa bayan na maƙwabta, domin shi ne ke haihuwa.

A dillancin ne ya ga abin da ya shekara yana kallo bai gani ba. Da kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, kowa na buƙatar kuɗi lokaci guda, ga kuɗin makaranta, ga bashi, kuɗin auduga kuma bai fito ba, sai masara ta cika kasuwa ta faɗi. Zuwa Yuli da Agusta mutumin da ya sayar da arha shi zai dawo ya saya da tsada, ko ya ranta a ninka masa. Talaucin mutanenmu da yawa a tsakanin waɗannan watanni yake kwance. Da bashin ya ƙare, kwasar adashin Inna ta farko masara aka saya da ita aka kulle a ɗaki, Baba ya rataya mabuɗin a wuyansa. An yi biki a dangi, an yi suna, bai buɗe ba. An ce ya zama marowaci. Wata shekara ƙwari suka ci masa, wata shekara farashin bai tashi ba ya fita da ƙyar, amma a yawancin shekaru ya samu. Daga ribar aka sayi bijimi, sannan na biyu, aka haɗa su da garma. Ya huɗe gonarmu a kan lokaci, ya yi wa wasu huɗa a biya shi, da rani kuma amalanke na jigilar kaya zuwa kasuwa. In shanun sun tsufa a kiwata su a sayar, a sayi ƙanana.

Ba na cikin masu cewa duk wanda ya talauce laifinsa ne. Na ga shekarun da farashin auduga ya karye a duniya, har Benin da Burkina Faso da Mali da Chadi suka kai kuka taron kasuwanci na Kankun a 2003 kan tallafin da Amurka ke ba manomanta. Na ga tsadar taki ta 2008, na ga ambaliyar 2012 a kwarin Binuwai wajen Lagdo. Manoma masu ƙwazo sun durƙushe a waɗannan shekaru ba tare da sun yi sakaci ba. Baba ma sun taɓa shi. Abin da ya bambanta shi ne sun same shi da hatsi a ɗaki, ba kowa a ƙofarsa. Bai sake ɗaukar taki fiye da abin da gonarsa za ta ci ba, kuma shekaru da dama shi ke tsaya wa wasu a ƙungiya, har da ɗan maƙwabcin nan namu.

Da ya rasu, bayan an dawo daga maƙabarta, liman ya yi shelar da aka saba, cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa wa magada. Mun jira har aka yi sadakar arba'in, ba wanda ya zo. Abin da aka raba shi ne gidan, da gonaki biyu, da shanun huɗa, da masarar da ke ɗaki. A littafinsa na ƙarshe mun tarar da sunayen waɗanda shi yake bi, yawancinsu buhu ɗaya ne ko rabi da suka ɗauka da damina, kuma a gaban kowane suna abin da aka ɗauka shi ne abin da za a maido, babu ƙari. Wasu sun kawo da kansu. Sauran muka zauna da Inna da ƙannena, kowa ya yafe kasonsa.