Ƙullutun da Ba Ya Ciwo

A garin Iware, kusa da Jalingo, wata mata mai sayar da fura ta ji ɗan ƙullutu a nononta. Da yake ba ya ciwo, sai ta yi shiru har damina ta wuce, domin tun tana yarinya take jin ana cewa dajin nono ba ya jin magani.

Wannan magana kuwa ta tsufa. Tun 1973 aka fara ba mata ƙwayar tamoxifen a Ingila, a 1998 kuma Amurka ta amince da Herceptin saboda wani nau'i mai saurin yaɗuwa. Yanzu likita kan ɗebi ɗan nama da allura, a gane irin ciwon kafin a zaɓi magani. A ƙasashen da ake gano shi da wuri, mata 9 cikin 10 kan wuce shekara 5 da rai.

Ƙanwarta ce ta ce, "Yaya, mu je a duba." Suka tafi asibiti a Jalingo, aka tarar bai yaɗu ba, aka yi mata aiki. Ta koma kasuwa, kuma duk macen da ta tsaya sayen fura sai ta ji wannan labari.