Tsohuwar Mota a Hamadar Tenere

Tsakanin Agadas da Dirku, inda babu gareji, ina ganin tsohuwar babbar mota ta fi sabuwa aminci. Injin dizal irin na dā ba ya ɓoye cutarsa. In ƙarfinsa ya ragu, galibi yashi ne ya toshe filtar iska. In ya mutu, datti ko iska sun shiga layin mai. In ya ɗau zafi, a duba lagireto da fambel. Direba da yaronsa kan gyara waɗannan da sufana. Za a ce sabuwa ba ta cika lalacewa ba. Haka ne, amma ranar da kwamfutarta ta ƙi, sai an kawo na'urar bincike daga birni, alhali ruwan shan fasinjoji yana ƙarewa.