Yadda Na Koyi Shan Kwana Bayan Na Sha Ƙasa

Duk wanda ya san ni a wannan sashe namu ya san ba da kuɗin gado nake karatu ba. Da yamma idan an tashi daga lacca, da kuma ranakun Asabar da Lahadi, acaɓa nake yi a nan Ibadan da babur ɗin kawuna ƙirar Bajaj Boxer, tsakanin Sabo da Mokola da Dugbe, wani lokacin har Ojoo. Shekara huɗu na yi a wannan sana'a ina ɗaukar kaina gwani, domin a wurinmu gwani shi ne wanda yake iya kutsawa tsakanin tirela da bas bai sauke ƙafa ba. Babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini tuƙi. An nuna mini giya da kuloci da birki a rana guda, washegari na fita neman fasinja.

A farkon daminar 2023 na ɗauko wani dattijo daga kasuwa, ana ɗan yayyafi. Muna cikin gangarawa sai ga wata kwana ta hagu wadda na bi fiye da sau dubu. Ina shigarta na ji gudun ya yi mini yawa. Idona ya faɗa kan kwatar da ke gefen dama, na saki totur gaba ɗaya, na taka birkin baya da ƙarfi. Abin da na sani bayan nan shi ne muna kwance a bakin kwatar, tayar baya tana ta juyawa a sama. Silifas ne a ƙafata, hular kwanona kuwa tana rataye a kan babur inda ta saba zama. Fatar tafin hannuna da farcen babban yatsan ƙafata suka tafi. Dattijon ya karye a wuyan hannu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ya ba ni haƙuri, alhali ni na ja masa. "Ɗana, kada ka damu," in ji shi, "tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Kuɗin rajistar da na tara su suka tafi wajen ɗori da magani, Kawu kuma ya karɓe makullinsa wata guda cur. Ni ma na riƙa faɗa wa mutane tsautsayi ne, don ya fi sauƙin faɗa.

Ranar da na kai babur ɗin a miƙe masa kai, na tarar da wani mutum a wurin bakanike ana ɗaure wa ƙaton babur ɗinsa sarƙa, irin manyan nan da ake jin rurinsu tun daga nesa. Bayarabe ne, injiniya, amma haifaffen Zariya, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya dubi bandejin hannuna ya yi mini jaje, na ba shi labari. Da na gama sai ya yi mini tambayar da ba wanda ya yi mini.

"Ƙanena, lokacin da za ka faɗi, ina kake kallo?"

Na ce, "Kwatar mana, Yallaɓai, ai ita nake gudu."

Ya ce, "To ai ka ga inda ka kalla can ka je."

Ashe lokacin da yake aiki a Ingila ya biya kuɗinsa ya shiga makarantar koyon tuƙin babur a filin tsere na Silverstone. Reshe ce ta wata makaranta mai suna California Superbike School, wadda wani tsohon ɗan tseren Amurka, Keith Code, ya kafa a 1980. Shi ne kuma marubucin littafin A Twist of the Wrist na 1983, wanda kashi na biyunsa ya fito a 1993. Da farko na yi dariya a zuci, na ce me ya haɗa masu neman kofi da ɗan acaɓa mai neman na tuwo? Sai ya ce yawancin waɗanda ya tarar a can ba 'yan tsere ba ne, magidanta ne masu hawa babur a titi. Suna zuwa filin tsere ne saboda can babu mota mai tahowa, babu rami, babu akuya, mutum zai maimaita kwana ɗaya sau hamsin har ya gane abin da hannunsa yake yi. Ya ce in ina so, in same shi ranar Lahadi da sassafe a wani wurin ajiye motoci da ba kowa a wannan lokacin.

Na zaci hawa za mu fara. Sai ya tsuguna gaban tayoyina. Ya nuna mini cewa duk nauyina da na fasinja da na babur yana tsaye ne a kan ɗan wurin da taya take taɓa kwalta, wanda bai kai faɗin tafin hannu ba, gaba da baya. Tayata ta baya ta suɗe a tsakiya ta zama sanƙo, gefenta kuma duk ya tsattsage. Ya nemo wasu lambobi huɗu a jikinta, 2316, ya ce ma'anarsu mako na 23 na shekarar 2016, wato ranar da na faɗi tayar ta shekara bakwai. Ta gwanjo ce na saya don araha. Roba kuwa tana bushewa da tsufa ko da zanenta bai cinye ba. Da ya sa ma'auni ya gwada iskar sai ta zarce abin da kamfani ya rubuta nesa ba kusa ba, domin mai facinmu da yatsa yake gwaji, yana ƙwanƙwasa tayar har sai ta yi ƙara kamar ganga. Mu ma haka muke so, wai ta fi ɗaukar kaya da rage shan mai. Amma iska idan ta yi yawa, wurin taɓa ƙasan ƙanƙancewa yake yi.

Ya ƙara mini da abu biyu. Taya mai sanyi ba ta kama ƙasa kamar wadda ta ɗumama, shi ya sa 'yan tsere suke naɗe tayoyinsu da bargon lantarki kafin su fita, ɗalibai kuma ake ce musu su bi zagaye ɗaya ko biyu a hankali. Sannan yayyafin farko ya fi mamakon ruwa haɗari, saboda yana taso da man da motoci suka ɗiɗɗiga a kwalta bai kai ga wanke shi ba. A irin wannan yayyafin na faɗi.

Maganar kaya ba ta ɗauke mu lokaci ba, don na san gaskiyar, ƙi nake yi. A can, in ji shi, ba a barin mutum ya hau fili sai da hular kwano mai rufe har haɓa, da rigar fata da wandonta, da safar hannu mai wuce wuyan hannu, da takalmi mai rufe idon sawu. Mu kuwa a nan, lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano a ranar 1 ga Janairun 2009, har da ƙwarya aka ga wasu sun kifa a ka. Wani nazari da aka tattara a 2008 ya nuna hular tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Abin da ban sani ba shi ne, farin soson da ke cikinta shi ne mai aikin, kuma sau ɗaya yake yinsa: da zarar ya sha bugu mai ƙarfi ya lotse, hular ta tashi aiki ko da bayanta yana ƙyalli. Ba ni da kuɗin rigar fata, kuma wa zai sa ta a zafin Dugbe? Amma na sayi safar hannu da takalmi sau-ciki a gwanjo, na kuma koyi ɗaure igiyar hula a haɓa.

Sai muka zo kan kwana, wadda ita ta cinye mana Lahadi shida.

Ya jera gwangwanaye a ƙasa, ya tambaye ni yadda nake juya babur. Na ce da jiki, karkata nake yi ya bi ni. Ya ce in hau in kai gudu kamar kilomita 30, in zauna ƙyam, sannan in ɗan tura hannun dama na kan babur gaba. Hankali ya ba ni cewa hagu zan yi, tunda tayar gaba hagu za ta kalla. Wallahi ina turawa babur ya kwanta dama kamar an fizge shi. Na tsaya ina kallon hannuna. Bayaninsa shi ne, tayar tana ɗan gocewa hagu daga ƙarƙashinka, sai babur ya faɗo dama, karkatar ce kuma take sa ya sha kwanar. Duk mai hawa keke ko babur haka yake yi bai sani ba. Keith Code har babur na musamman ya haɗa mai kai biyu, ɗaya a ɗaure ba ya juya taya, don masu gardama su riƙe shi su gwada juyawa da jiki kawai, su ga yadda babur yake yin biris da su. Amfanin sanin shi ne ranar firgici. Wanda bai san da hannu yake juyawa ba, idan ya tsorata sai ya ƙanƙame kan babur, babur kuma ya miƙe da shi. Binciken da Harry Hurt ya jagoranta a Amurka, wanda ya fito a 1981 bayan duba haɗurran babur 900 a yankin Los Angeles, ya gano yawancin mahayan sun danne birkin baya fiye da kima, sun yi sakaci da na gaba, kuma sun kasa kaucewa. Da ya faɗa mini haka sai na ji kamar suna tsaye a bakin kwatar nan suna kallona.

A nan bari in ɗan ratse, tunda ɗaliban harshe nake wa magana. Turawa suna da kalma guda ta wannan dabara, mu kuwa na tambayi 'yan acaɓa da dama ban samu ba, domin ba a raɗa wa abin da ba a san da shi ba suna. Ni "tura-ka-bi" nake ce mata, wato ɓangaren da ka tura shi za ka bi. Wanda yake da wadda ta fi ta, ina sauraro. Ita kanta kalmar kwana ta hanya aro ce daga Ingilishi, kuma a rubutunmu na yau da kullum ba a bambanta ta da kwanan barci, sai a baki, ta tsawon wasali da karin sauti. Da wannan abokan aikina suke tsokanata, wai wanda bai iya shan kwana ba a asibiti zai kwana.

Sauran darussan a kan tsoro suke. Ya ce in ɗauka kamun da taya take yi wa ƙasa naira ɗari ce a aljihuna. Birki yana cin nasa, karkata tana cin nata, idan na kashe tamanin a karkata sannan na nemi hamsin a birki, bashi ya hau ni, kwalta kuma ba ta ɗaga ƙafa. Don haka a rage gudu tun babur yana tsaye, da birki biyu, na gaba ya fi yawa don shi ne mai ƙarfin tsayarwa. Mu kuwa tsoron birkin gaba aka gadar mana, wai yana wuntsilar da mutum, alhali fizgarsa ce take kayarwa, ba matsa shi a hankali ba. Bayan an karkata sai a ɗan buɗe totur, a ci gaba da ƙara shi sannu a hankali har a fita, domin sakinsa farat ɗaya yana jefa nauyi kan tayar gaba. Ya ce a makarantarsu darasin farko shi ne a zagaya fili a giya ta huɗu ba taɓa birki, don mutum ya koyi auna gudunsa tun kafin ya isa. Haka ya sa ni na yi ta yi a tsakanin gwangwanaye, yana tsaye a ƙarshen kwanar yana daka mini tsawa, "Ni za ka kalla, ƙanena, ba gwangwani ba!" Juya kai ya fi komai ba ni wuya. Ido ya fi son abin da yake tsoro.

Bai ɓoye mini cewa malaman ma suna da saɓani ba. Wasu makarantun suna koyar da a shiga kwana da ɗan sauran birkin gaba a hannu, ana sakinsa kaɗan-kaɗan yayin da karkata take ƙaruwa. Ya ce daidai ne, amma ba nawa ba ne tukuna. Ya kuma ja mini kunne cewa ba duk abin filin tsere ake kawowa titi ba. Can suna rage iskar taya, suna cinye faɗin hanya daga gefe zuwa gefe, manyan 'yan tsere suna karkata fiye da digiri 60 gwiwa tana gogar ƙasa. Wanda ya gwada haka a Mokola da buhun doya da fasinja a baya, shi ya jiyo. Abin da ya ce in ɗauka shi ne jinkirta shiga kwana kaɗan, in tsaya a layina har sai na hango mafita, domin mai saurin yankewa ciki shi yake ƙarewa a waje.

Da hannun dattijon ya warke na je gaishe shi a Sabo. Na ce, "Baba, na zo in faɗa maka, ranar nan tayata ta mutu, kuma ban iya birki ba." Ya yi shiru yana murza wuyan hannun, wanda har yau ba ya lanƙwasuwa sosai, sannan ya ce, "To yanzu ka iya?" Na ce ina dai koyo. Ya ce in zo ranar Juma'a in kai shi masallaci. Na zo, ya hau, ya ƙi karɓar hular da na miƙa masa don kada ta ɓata masa rawani, sai da na ce in bai sa ba ba zan tayar ba. Ya cire rawanin ya riƙe a cinya. Hanyarmu ta bi ta wannan kwanar, kuma ina jin lokacin da ya damƙe mini riga.