Dunduniya Ko Gaban Ƙafa?

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin masu gudun dogon zango a birnin Sakkwato, ko a filin wasa na Giginya, ko a kan hanyar da ta nufi jami'a a Dundaye. Gardamar kuwa ita ce: shin da dunduniya ya kamata mai gudu ya sauka, ko da gaban ƙafa? Ni dai, bayan shekarun da na yi ina bin wannan hanya bayan sallar asuba, ina ganin inda ake tonon ba nan ruwan yake ba.

Masu cewa gaban ƙafa ba su rasa hujja ba. Sukan kawo Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci gudun yada-ƙanin-wani a birnin Rum a 1960 ba takalmi. Sukan kuma kawo binciken Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard a 2010, wanda ya nuna cewa waɗanda suka saba gudu ba takalmi sun fi sauka da gaban ƙafa. To amma a 2013 an duba mutanen Daasanach na arewacin Kenya, su ma ba su sa takalmi, sai aka tarar yawancinsu da dunduniya suke sauka idan ba sauri suke yi ba. Haka nan a gasar duniya ta Landan a 2017, akasarin 'yan gudun yada-ƙanin-wani da dunduniya suka riƙa sauka. Shi kansa Bikila, da ya sa takalmi a Tokyo a 1964, sai da ya rage minti uku daga lokacinsa na Rum.

Abin lura shi ne wurin da ƙafar ke faɗawa. Idan mutum ya miƙa ƙafa can gabansa, gwiwa a sandare, to tamkar direba ne mai taka mai da burki lokaci guda. Kowane taku sai ya ɗan tsayar da shi, girgizar kuma ta bi ƙauri ta hau gwiwa. Idan kuwa ƙafar ta sauka kusa da ƙarƙashin jiki, gwiwa a ɗan lanƙwashe, jijiyoyi ne ke shanye nauyin, ko da dunduniya ce ta fara taɓa ƙasa. Kunne ma yakan ba da shaida, domin mai miƙa ƙafa tun daga nesa ake jin tafinsa yana marin kwalta.

Maganin da na fi yarda da shi shi ne rage faɗin taku da ƙara yawansa. Sai mutum ya ƙirga takunsa cikin minti ɗaya, sannan ya ƙara kamar kashi 5 cikin 100, ya zauna a kai makonni. Ana yawan ambaton taku 180, adadin da mai horarwa Jack Daniels ya lura da shi wajen gwanaye a wasannin Olamfik na 1984. Amma wannan lissafin gwanaye ne a ranar gasa, bai zama farilla a kan ɗalibi mai sassarfa kafin lacca ba.

Mu nan muna da malamai biyu na kyauta. Na farko rairayi, wanda ba ya yarda da dogon taku, don duk wanda ya miƙa ƙafa a cikinsa sai ta nutse (sai dai a kula da tsidau). Na biyu wasan langa da muka baro tun yarinta. Gudu ai tsalle ne daga ƙafa ɗaya zuwa ɗaya, ɗan langa kuwa ba ya iya dira nesa da jikinsa, in ya yi haka faɗuwa zai yi.

Wanda ya dage sai ya koma gaban ƙafa, to ya sani nauyin bai ɓace ba, ƙaura ya yi daga gwiwa zuwa agara da sha-raɓa. Na ga abokin gudu da ya sauya dare ɗaya, ya shafe zangon karatu guda yana ɗingishi. Ga kuma zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni kan haura 40. Da zarar jiki ya gaji sai kafaɗa ta sunkuya, ƙafa ta koma tsohon halinta. Saboda haka nake yin gyaran taku a kilomita biyun farko, tun rana ba ta fito ba.