Gobara a lakkol: me aka koya wa malami?

Ranar Talata 13 ga Afrilu 2021, da la'asar, wuta ta tashi a wata lakkol ta unguwar Pays-Bas a Yamai. Azuzuwan zana 21 suka ƙone ƙurmus, yara 20 suka rasu, akasarinsu ƴan ajin reno ne waɗanda ba su kai ga iya rubuta sunansu ba. Ba a cika wata bakwai ba, ranar Litinin 8 ga Nuwamba, sai ga irinta a makarantar AFN ta Maraɗi: azuzuwa uku suka ci wuta, aƙalla yara 25 suka tafi. Jihar ta yi zaman makoki na kwana uku, majalisar ministoci kuma ta hana a sake zaunar da ƴan ajin reno cikin rumfar zana. A Fabrairun 2023 Damagaram ma ta binne yara uku ta wannan hanya.

Bayan kowace ta'aziyya, magana guda ce a bakin jama'a: a yi gini. Gaskiya ne, gini shi ne magani. To, amma shugaban ƙasa na lokacin, Mohamed Bazoum, da bakinsa ya faɗi cewa azuzuwan zana sun kai 36.000 a faɗin ƙasa, kuma duk ɗan kasuwar da ya san kuɗin buhun siminti ya san wannan ba aikin shekara guda ba ne. Kafin bulo ya iso, yaro na zaune ƙarƙashin kara, kuma babban da ke kusa da shi mutum guda ne, wato malaminsa. Shi kuwa malamin, an koya masa tsara darasi, da riƙon rajista, da gyaran rubutu. Da yawa daga cikinsu, musamman ƴan kwantaragi, ba wanda ya taɓa nuna musu abin da za su yi a minti biyu na farko in hayaƙi ya turnuƙe aji.

Akwai wani dirakta a wata unguwar bayan gari a Maraɗi, dattijo mai furfura, wanda tun daga waccan Litinin barci ya ƙaurace masa. Lakkol ɗinsa na da ajin gini huɗu da rumfa shida, jere kafaɗa da kafaɗa. Da ya zauna ya duba su da idon basira, sai ya ga abin da ya shekara yana wucewa bai lura ba. Kowace rumfa ƙofa guda gare ta, ƙarama. Mai tuyar ƙosai na hura murhunta taku kaɗan daga zana ta farko, ta gabas, inda iskar hunturu ke fitowa. Babbar ƙofar lakkol kuma mai gadi na rufe ta da kwaɗo da zarar an shiga aji, ya tafi da makulli cin abinci.

Bai jira takarda daga sufeto ba. Ya tara malamansa da mai gadi ranar Asabar, ya gayyato wani ɗan kwana-kwana da wata mai aikin agaji ta Croix-Rouge. Abin da suka koya a wuni guda ba shi da wuya, sai dai ba kowa ya san shi ba. Busasshiyar zana ba ta ba mutum lokacin shawara, saboda haka malami ba ya tsayawa kashe wuta ko kwashe littattafai: yara yake fitarwa. Ƙaramin yaro in ya firgita ba ya gudu waje, sai ya shige ƙarƙashin tebur ko ya maƙale a lungu, don haka malami ne na ƙarshen fita, bayan ya leƙa ko'ina. Hayaƙi sama yake yi, ana fita ne a duƙe. Wanda wuta ta kama rigarsa, kada a bar shi ya ruga. A kwantar da shi, a mirgina shi a ƙasa ko a lulluɓe shi da zane mai kauri. Ƙuna kuma ruwa mai tsabta ake kwarara mata har kamar minti 20, ba man goge haƙori ba, ba ɗanyen ƙwai ba, ba manja ba. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, an rubuta ta da alli a saman kowane allo.

Daga nan aka raba aiki. Wane ke busa usur, wane ke kiran waya, wance ke tsayawa ƙarƙashin bedi inda kowane aji zai taru, kowane malami da rajistarsa yana kiran suna. Aka yanke ƙofa ta biyu a bayan kowace rumfa, aka ba da tazara tsakanin rumfuna, aka roƙi mai ƙosai ta koma yamma da katanga, makulli kuma ya daina barin bakin ƙofa.

Ranar da aka yi gwajin farko, wani babban ɗan kasuwa, shugaban iyayen yara, ya zo a fusace don ɗiyarsa ta koma gida tana kuka.

"Haba Mushe," in ji shi, "wannan ai kiran masifa ne. Abin da Allah ya ƙaddara, usur ba ya hana shi."

"Gaskiya ne, Alhaji," in ji dirakta. "Amma ko kai, kana rufe kantinka da kwaɗo biyu kafin ka bar wa Allah tsaronsa. Ɗiyar nan ta fi kantin."

Alhaji ya yi shiru. Washegari ya aiko da bokiti goma na zuba yashi. Kukan yara kuwa bai wuce gwaji na biyu ba, suka mayar da abin wasa, har suna gasar ajin da zai riga taruwa.

Ba gobara kaɗai ba ce. A 2024 ambaliya ta sa aka ɗage komawa lakkol daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, makarantu da yawa sun zama masaukin waɗanda ruwa ya rushe wa gidaje. A jihohin Tilaberi da Difa tashin hankali ya rufe makarantu. Haɗarin ya bambanta, amma shirin guda ne: malami ya san wa zai kira, ina za a taru, yaya za a ƙirga yara, wa zai sanar da iyaye.

Abin da wannan dattijo ya yi da ƙashin kansa, bai kamata ya dogara ga sa'ar samun dirakta mai zuciya ba. Makarantun horon malamai su sa shi cikin darasi, a yi jarrabawa a kansa kamar lissafi. Sufeto in ya zo rangadi, ya ƙirga ƙofofi kafin ya buɗe littafin darasi. Kwamitin kula da lakkol ya sa ranar gwaji sau ɗaya a kowane zango, musamman farkon hunturu. Ƴan kasuwa da ma'aikata, waɗanda ƴaƴansu ne ke cikin rumfunan nan, kowa ya taka zuwa lakkol ɗin unguwarsu ya tambayi dirakta: in wuta ta tashi yau, ta ina yara za su fita? Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya jiƙan yaran da suka rasu, ya ba iyayensu haƙuri, ya tsare na baya.